Fitsari na Biyu

Shekarunta hamsin da ɗaya, amma har yau Auta ake ce mata, kuma aiken auta ake yi mata. Tela ce, shagonta na ƙasan bene, ɗakinta na sama. Ita ta ɗauko Mama ta dawo da ita wurinta tun ranar da tsohuwar ta sunkuya za ta ɗauki takalmi, ƙashin bayanta ya tsage. Ba faɗuwa ta yi ba, ba wanda ya ture ta, sunkuyawa kawai. Likita ta ce ƙasusuwan ne suka zaizaye ta ciki suka zama kamar soso, ta rubuta mata ƙwaya ɗaya duk mako.

Ƙwayar nan kuwa ta fi mai shanta mulki. Sai da sassafe, ciki ba komai, da ruwa zalla, ba shayi ba madara. In an haɗiye ta ba a kwanciya sai an yi rabin awa zaune a miƙe. Mama ba ta iya zama a miƙe ita kaɗai, don haka duk ranar ƙwaya Auta kan hau gadon ta zauna a bayanta, ta jingina ta a ƙirjinta, su zuba wa agogon bango ido, Mama na mita Auta na lallashi. Wata shida ana haka, ko mako ɗaya bai tsallake mata ba. Ita ke ɗaga ta zuwa fo, ita ke yi mata wanka, ranar asibiti kuma ita ke goya ta ta sauko da ita daga bene. Bayanta na yi mata ciwo, amma wace tela ce bayanta ba ya ciwo?

Sai kuma Yaya, babban ɗan Mama. Yana da gida mai get a ɗaya gefen gari, yana da mota, yana da waya. Wayar dai Auta ta fi sani. Gaskiya ɗaya ce, shi ke sayen magani, bai taɓa fashi ba. Amma tun da Mama ta kwanta bai taɓa sa hannu ya gyara mata ko matashin kai ba. Zai zo ƙarshen wata ya zauna bakin kujera da mukullin mota a hannu, ya ce, "Mama, kin rame," idonsa a kan Auta. Ya daɗe yana cewa a mayar da Mama gidansa, akwai ɗaki a ƙasa, zai ɗauko mai jinya. Auta ta san ɗakin, can baya ne kusa da injin wuta. A nan kuwa Mama na jin ƙarar keken ɗinki, masu kawo ɗinki na hawowa su gaishe ta, ta tsoma baki a zancen kowa. Mijin Auta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa. In aka ɗauke Mama, ba sauran mai kiran sunanta a gidan.

Da wata shidan ya cika, likita ta ce a yi gwajin fitsari. Ta yi bayani dalla-dalla: in ƙashi na zaizayewa, ɓurɓushinsa na fita ta fitsari. An auna kafin a fara magani, yanzu za a sake aunawa. In ƙwayar na aiki, za a ga lambar ta sauka. Ta miƙo 'yar kwalbar roba mai jan murfi, ta ce a kai lab, ɗakin gwaji.

Karon farko Auta ta tari fitsarin asuba, ta naɗe kwalbar a leda, ta hau mota, ta bi layi. Matar lab, wata mai tabarau da ba ta ɗaga kai sai dole, ta tambaya, "Na nawa ne?"

"Na nawa kamar yaya?"

"Na farko ne da ta tashi daga barci, ko na biyu?"

"Na farko."

"Ba ma karɓa. Na biyu ake so, kafin ta ci komai, kuma ya iso nan da safe." Ta turo wata sabuwar kwalba ta ƙasan gilashi. "Na gaba."

Auta ta tsaya da fitsarin uwarta a hannu, mutane na kallonta. Ba wanda ya gaya mata akwai na farko akwai na biyu. Ta ɗauki sabuwar kwalbar, ta juya.

Karo na biyu Mama ta ce ita fa ba ta san wani fitsari da ke zuwa ba tare da shayi ba, ta sha abinta tun Auta na banɗaki. Auta ta kai duk da haka, aka tambaye ta, ta faɗi gaskiya, aka sake turo mata kwalba. A mota tana komawa sai ga waya.

"Wai fitsari ma ya gagare ki kaiwa?" in ji Yaya. "Fitsari fa, Auta. Na ɗauki ranar ganin likita, da ni za a je. Kada in zo a ce babu sakamako."

Ya kashe kafin ta buɗe baki. Haka yake yi kullum, shi ke da farkon magana shi ke da ƙarshenta.

Karo na uku ta ɓoye shayin, ta ɓoye sukarin. Na farko ya zo, aka zubar. Ta ɗora Mama a kan fo, ta riƙe ta ta hammata, suka shiga jira. Ta buɗe famfo ko ƙarar ruwa za ta taimaka. Ta jiƙa mata ƙafa. Shiru. Rana ta hau, masu shaguna suka bubbuɗe, wata mai ɗinkin da aka yi wa alkawari tana ta buga ƙofar ƙasa. Mama ta fara rawar jiki, zaman ya ishe ta, hawaye na bin kuncinta.

"Auta, ki mayar da ni gado. Wallahi bayana zai rabe biyu. Babu, na ce miki babu. In matse kaina ne?"

Wayar ta yi ƙara a kan tebur. Ba sai ta duba ba.

Auta ta ciccibi Mama ta kwantar, ta lulluɓe ta. Ta ɗauki kwalbar ta tsaya tana kallonta, zuciyarta na tafasa. Ita ma ba ta karya ba. Ita ma ta yi na farko tun asuba. Me suke nema ne? Su ga ko ana shan magani? Ana sha, ita ce shaida, ƙirjinta ne kujerar. Sakamako mai kyau ne zai fito ko ta wace hanya, to me ya sa za a kashe tsohuwa a kan fo saboda cikin cokali uku? Ita lafiyarta ƙalau, nata ma ai sai ya fi kyau. Ta shiga banɗaki ta rufe ƙofa.

"Na nawa ne?" in ji matar lab.

"Na biyu."

"An ci wani abu?"

"Ba a ci ba."

Ko ɗaya ba ƙarya ta yi ba, ta gaya wa kanta a hanya. Matar ba ta tambayi na wa ba ne.

Ranar ganin likita Yaya ya zo da motarsa, ya tsaya a ƙasa yana latsa waya, Auta ta goyo Mama ta sauko da ita mataki-mataki. Abin da ya yi shi ne buɗe ƙofar mota. A asibiti ma'aikaci ya kawo keken marasa lafiya, Auta ta tura, Yaya na gaba yana gaisawa da mutane kamar shi ya yi jinyar.

Likitar mace ce mai sanyin murya, ba ta kai Auta shekaru ba. Ta gaishe da Mama, ta duba allon kwamfuta, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta cire tabarau.

"Ban ji daɗin abin da na gani ba. Lambar ba ta sauka ba. Ta ma ɗan ɗara ta farko. Ƙashin na ci gaba da zaizayewa kamar ba a shan komai."

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi.

"Yawanci in muka ga haka," likita ta ci gaba a hankali, "ko dai ana tsallake maganin, ko ana sha da shayi, ko bayan an ci abinci. Ba laifi nake ɗora wa kowa ba, jinya da wuya. Wa ke ba ta?"

Yaya bai bari an amsa ba. Ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya.

"Ga ta nan. Ga mai ba ta nan. Likita, ni na san za a yi haka. Wata shida ina sayen magani ina aikawa, ashe a banza. Tana can ƙasa tana ɗinke-ɗinkenta, ta bar tsohuwa a sama ita kaɗai. In na yi magana a ce na cika faɗa. Auta, ki dube ni. Uwarmu ce fa. In kin gaji ai sai ki faɗa, ba ki bar ta tana rubewa a gado ba."

"Ana ba ni," in ji Mama da 'yar muryarta. "Duk mako ana ba ni."

"Mama, ki daina kare ta. Tun tana yarinya kike kare ta, shi ya sa ta zama haka." Ya koma ga likita. "Yau ɗin nan zan ɗauke ta. A canza mata magani, a ba ta mai ƙarfi, allura ce ko mene ne, ni zan tsaya a kai."

Likita ta ja allon rubutu kusa. "Akwai allura. Amma kafin nan zan so a yi wasu gwaje-gwajen, a ɗebi jini, a ɗauki hoto, don in har tana shan maganin daidai kuma lamba ta ƙi sauka, to sai mu nemi wani abin daban da ke cin ƙashin."

Auta ta dubi Mama. Tsohuwar ta ƙanƙame hannun keken, idonta ya yi zuru-zuru. Za a sake jan ta daga wannan ɗaki zuwa wancan, a kwantar da ita a kan ƙarfe mai sanyi, a soke ta, a canza mata maganin da wataƙila yana yi mata aiki, duk a kan abin da ba nata ba. In kuma ita Auta ta yi magana, ta ba Yaya sandar da zai doke ta da ita har ƙarshen rayuwarta. Ta san shi, a gaban 'ya'yanta ma sai ya ba da labarin.

"Kin yi shiru," in ji Yaya. "Dama mara gaskiya ba ya da baki."

Nan ne abin ya tsinke. Auta ta miƙe tsaye, kujerar ta bugi bango.

"Ba nata ba ne!"

"Mene ne ba nata ba?"

"Fitsarin! Nawa ne! Ni na cika kwalbar, ni na kai, in za a ɗaure ni a ɗaure ni!" Muryarta ta cika ɗakin, har wani ya leƙo ta ƙofa. "Sau biyu ana koro ni da fitsarin uwata a hannu. Na uku na riƙe ta a kan fo har tana kuka, kai kana ina? Kana waya! Ka san nauyinta, Yaya? Ka taɓa ɗaga ta? Wace rana ce ranar ƙwayar? Faɗa wa likita, tunda kai ne mai tsayawa a kai. Da me ake sha? Minti nawa ake zama? Faɗi mana!"

Yaya ya yi tsuru-tsuru, sannan ya tattaro abin da ya rage masa. "Kin ji ko, likita? Ha'inci. A asibiti. Mace da jikokinta."

"Eh, ha'inci ne, na yi. Amma kada ka ƙara cewa na bar uwata tana rubewa. Kada ka ƙara."

Ta tsaya tana haki. Ta jira likita ta wanke ta tas, ta ma shirya wa hakan. Likitar kuwa sai ta sake duban allon, ta dubi Auta tun daga kafaɗa har ƙasa.

"Abin da kika yi ba daidai ba ne, kin sani, da mun canza wa Mama magani a kan kuskure. Za a sake nata, zan rubuta su zo gida su karɓa. Zauna, Anti. Shekarunki nawa?"

"Hamsin da ɗaya."

"Al'ada ta ɗauke?"

Auta ta saci kallon Yaya. "Ta ɗauke. An kwana biyu."

"Bayanki na ciwo?"

"Aikin keke ne."

"Rigunanki na da, ba ki ga sun ƙara miki tsawo ba?"

Auta ta dubi rigar jikinta. Watannin baya ta rage wa dogayen rigunanta biyu tsawo, tana zagin yadin wai ya saki.

"Wannan lambar da ta tayar mana da hankali," in ji likita, "ba ta Mama ba ce, taki ce. Gwajin fitsari kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an yi miki hoton ƙashi. Amma ke 'yarta ce, abin na bin jini, ga ciwon baya, ga wannan. Kina ɗaukar kaya masu nauyi?"

Mama ce ta juyo da kanta a hankali ta dubi 'yarta, irin duban da take yi wa yadi in tana neman inda ya yage.

"Ni take ɗauka," in ji Mama. "A bene."

Likita ta ajiye biro. "To daga yau a daina."

Ta ba Auta takardar hoto da sabuwar kwalba mai jan murfi, ta rubuta sunanta a jiki. Wannan karon sunan Auta ne na gaskiya, wanda ba mai kiranta da shi.

Suka shiga mota suka kama hanyar gida. Yaya na tuƙi da hannu biyu kamar mai koyo. Auta na baya, ta tallafe Mama saboda ramuka, ranta na ƙuna. Haushin Yaya take ji, da na matar lab, da na likita mai sanyin murya, da na ƙasusuwan da ta yarda da su suka ci amanarta ba sallama. Abu ɗaya ya ɗan sanyaya mata rai: an ji a gaban shaida cewa ba ta yi sakaci ba. Yanzu Yaya ba shi da hujjar ɗauke Mama.

Da suka tsaya a ƙofar shago, Auta ta fito, ta zagayo, ta buɗe ƙofa, ta juya baya ta durƙusa kamar kullum.

"Hau, Mama."

Ba ta ji hannuwan a wuyanta ba.

"Tashi," in ji Mama.

"Ki hau mana, rana na dukanki."

"Na ce ki tashi. Kai, Babba." Haka take kiran Yaya. "Hau sama ka kwaso mini kayana. Akwatin na ƙarƙashin gado, da fo, da bargona. Gidanka zan koma."

Auta ta miƙe ta juyo. "Me kika ce?"

"Kin ji ni."

"Bayan duk abin da ya faɗa? A gabanki ya ce na bar ki kina rubewa! Na tona wa kaina asiri a gaban mutane don kada a taɓa ki, shi ne za ki bi shi? Ɗakin injin wuta, Mama! Wa zai yi miki hira? Wa ya san yadda kike son ruwan wankanki? Wallahi ba inda za ki. Zan nemo mai ɗaukar ki, zan sauko da gadon zuwa shago, zan..."

"Za ki ɗaga ni zuwa fo da dare in ba kowa. Na san ki, ni na haife ki." Muryar Mama ba ta rawa ko kaɗan. "Auta, na ji ƙarar da ƙashin baya ke yi in ya tsage. A jikina na ji ta. Ba zan ji ta a naki ina goye a bayanki ba."

Auta ta juya kan Yaya, don shi ne a kusa.

"Me kake jira? Ai ka samu abin da kake so. Hau ka kwaso!"

Ya hau. Suna jin shi a sama yana jan abubuwa, yana buɗe inda ba nan ba ne. Ya sauko da akwati a hannu ɗaya, fo a ɗayan, ya riƙe shi nesa da rigarsa, yana haki tun bai ɗauki mutum ba. Ya tsaya gaban ƙanwarsa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Wace rana ce... ranar ƙwayar?"

"Talata," ta ce, kamar ta tofa masa. "Da asuba, kafin ta sa komai a baki. Ruwa zalla, kofi cike. Za ta ce maka shayi, kada ka ba ta. Za ta ce za ta kwanta, kada ka bari. Rabin awa a zaune. Ba ta iya zama ita kaɗai, sai an zauna a bayanta an riƙe ta."

"Mai jinyar za ta..."

"Kai za ka zauna," in ji Mama daga cikin mota. "Ƙashinka ai lafiyarsa lau."

Auta ta koma sama da kanta ta ciro agogon bango, ta sauko ta ɗora shi a cinyar Mama ba tare da ta dube ta ba. Mama ta kama hannunta ta riƙe. Auta ta bari na ɗan lokaci, sannan ta zare, ta rufe ƙofar motar da ƙarfin da ya fi wanda ake buƙata.

Motar ta tafi. Maƙwabcin shago ya leƙo yana tambayar ko lafiya, ta ce masa ya ji da abin da ke gabansa. Ta tsaya a gindin benen da jaka a kafaɗa, kwalbar na ciki. Sau nawa ta hau matakalar nan da mutum a bayanta ba ta taɓa neman abin dafawa ba. Yau ba ta ɗauke da kowa, ta kama ƙarfen gefe ta fara hawa a hankali.